Idon da Bazara Ke Makantarwa: Labarin Wata Mashayar Dabbobi a Yammacin Umbadda

Daga Umbadda muke rubuto muku, wato unguwannin da suka shimfiɗu a yammacin birnin Umdurman na ƙasar Sudan, inda gidaje ke ƙarewa hamada ta karɓa. Labarin da za mu ba ku na wata ƴar na'ura ce da ba ta fi ƙwan kaza girma ba, amma ta kusa halaka mana tumaki, ta kuma kusa sa mu zalunci wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Mun ga ya dace mu rubuta shi yanzu, domin daga nan har Maraɗi da Damagaram da Tawa jama'a sun karkata ga famfunan hasken rana, kuma ƴan kasuwa na cusa wa mai saye kowane irin ƙarin kaya da sunan ci gaba.

Sunan Umbadda bai yi nisa a duniya kamar na Khartum ba, amma a ƙidayar 2008 ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kowace yawan jama'a a jihar Khartum, da mutum kusan miliyan 1. Da yawa daga mazaunanta fari ne ya koro iyayensu daga Kordofan da Darfur, musamman farin 1984 zuwa 1985, lokacin da dubban makiyaya da suka rasa dukiyarsu suka yada zango a Muwailih. Mu Hausawa kuwa hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu ƙasar nan, wasu tun kafin yaƙin Burmi na 1903, wasu a bayansa. A cikin Umbadda ne Kasuwar Libiya take, a yamma da ita kuma akwai Gandahar da Muwailih, wadda kafin yaƙin 2023 ita ce babbar karar ƙasar Sudan. A lokacin, can ake sauke shanun Baggara da tumakin Hamari da Kabbashi da raƙuma bayan tafiyar makonni, daga can kuma ake lodin raguna zuwa bakin Bahar Maliya domin kasuwannin Saudiyya.

Wanda bai san wurin ba zai ce mutanen da ke maƙwabtaka da kogin Nilu ba su da kukan ruwa. Ba haka abin yake ba. Kogin yana gabas, mu muna yamma, ruwan sama kuma ba ya kai milimita 200 a shekara, yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba. A bayan gari dabba na sha ne daga hafir, wato tafkin da aka haƙa da gangan don tara ruwan damina, ko daga abin da mutanen nan ke kira donki, wato rijiyar burtsatse mai inji da tanki a sama da kwamaye a ƙasa. Wanda ya yi nisa da waɗannan sai ya sayi ruwa daga masu amalanken jaki da ake kira karo, ko daga motar tanka. Mu muna cikin masu saye. Zaribarmu, wato shingen da muke tsare dabbobi, ta haɗin gwiwar gidaje huɗu ce na dangi, tana da nisan da ba a zuwa kullum, kuma kowane ɗigon da ke cikin ramin siminti da muka gina a wurin kuɗi ne muka ƙirga muka biya.

Yadda idon ya zo mana

Kafin na'urar, yaron da ke tsaron zaribar ne ke jan ruwa daga ramin da guga ya cika kwami safe da yamma. Saurayi ne ɗan wajen shekara 20, mai ƙarancin magana. Aikin ya yi masa yawa, ga yankan harawa, ga zuwa kasuwa sayen dusa da ƙulin gyaɗa, tafiyar da kan cinye masa rabin yini. Ruwan da ya bari a kwami kuwa rana kan dafa shi, ya yi gansakuka, wani ya tafi a iska, wani karnukan daji su sha.

Sai wani ɗanmu da ke karatu a Kanada ya aiko mana da hoton bidiyo na wata mashaya da ya gani a can. Saniya ta doso kwami, wani ɗan ido a kan sanda ya gan ta, famfo ya tashi da kansa, ruwa ya cika kwano, ta sha ta tafi, famfon ya tsaya, sauran ruwan ya zurare ya koma ƙarƙashin ƙasa. Muka kalla muka sake kalla. Abin ya burge mu ƙwarai, ba kuwa wanda ya tambaya me ya sa mutanen can suka ƙirƙiro wannan dabara. Muka haɗa kuɗi muka sayi faranti ɗaya na hasken rana, da batir mai bolt 12, da ƙaramin famfo, da na'urar gano motsi, wadda tun ranar muka raɗa mata suna ido. Wani mai gyaran lantarki ya haɗa mana su a cikin sanyin hunturu, shekara guda da ƴan watanni kafin yaƙi. Wata uku abin yana aiki kamar an yi masa asiri. Baƙi har tsayawa suke su yi kallo.

Da bazara ta kama, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci biyu daga cikinmu suka leƙa zaribar ba tare da sanarwa ba. Suka tarar da tumaki sun yi cirko-cirko a bakin kwami, suna haki, wasu sun kwanta sun miƙe wuya, kwamin kuwa ƙeƙasasshe har ya yi zafin da ba a ɗora masa hannu. Ramin ruwa cike yake. Yaron bai dawo daga kasuwa ba. Tunkiya biyu masu ciki suka yi ɓari a makon.

A nan ne muka yi abin da muke jin kunyarsa har yau. Muka tsare yaron da tambaya. Ɗaya ya ce ai yana kashe famfon ne don ya sayar da ruwan ga maƙwabta, wani ya ce yana cire batirin ne ya yi cajin wayoyin abokansa. Da aka kira mai gyaran washegari da sassafe, ya wuce ta gaban idon, famfo ya tashi nan take, ya wuce sau uku, ya tashi sau uku. Wannan ya zama mana kamar shaida. Yaron bai yi gardama ba, abin da kawai ya ce da babbanmu shi ne: "Baba Alhaji, da safe yana yi. Ku zo da azahar ku gani." An kusa sallamarsa a ranar, sai babban ya ce a dakata mako guda.

Littafin awo

Abin da ya cece shi, ya kuma cece mu daga alhaki, ɗan littafi ne irin na ƴan makaranta. Wata ƴarmu da ta karanci lantarki ta ce kada a taɓa komai tukuna, a rubuta kawai. A lokacin kowace salla wani ya ratsa ta gaban idon, a rubuta ko famfo ya tashi ko bai tashi ba, a kuma ɗora mitar awon wuta a kan batir a rubuta lambar da ta nuna. Na'urar da ta mutu murus ba ta da wuyar sha'ani, ana canza ta a huta. Mai wahalar ita ce wadda ke yi yau ta ƙi gobe, domin takan yi lafiya lau daidai lokacin da mai gyara ya iso. Irin wannan ba a kama ta sai da haƙuri da rubutu.

Kwana biyar aka yi ana rubutu, biyu daga cikinmu suna kwana a can, ana shayar da dabbobin da guga. Littafin ya nuna abu biyu da ba mu zata ba. Na farko, famfon yana tashi cikin dare sau da yawa alhali tumaki na kwance. Na biyu, daga hantsi ya ɗaga har bayan la'asar idon ba ya ganin kowa sai wanda ya zo dab da shi, ko da batirin cike yake.

Muka fara da abin da ya fi sauƙi, wato raba laifi. Aka tsallake idon, aka jona famfon kai tsaye da batir. Ya yi aiki, ruwa ya zubo da ƙarfinsa, tiyo bai toshe ba, matacin da ke bakinsa ma ba laifi. Wannan gwajin na minti biyar ne, kuma da mun san shi tun farko da ba mu ɓata baki ba. Duk mai irin wannan mashaya ya kamata ya sa a yi masa makunnin hannu wanda ke tsallake na'urar, ya kuma koya wa mai tsaro inda yake, domin ranar da ido ya ƙi, dabba ba ta jiran mai gyara.

Sai batir. Batirin gubar nan mai bolt 12, in ya cika ya huta, yakan nuna wajen 12.6 ko 12.7. In ya sauka zuwa 12.1 ya sha rabi, in ya yi ƙasa da 11.8 kuwa ya kusa ƙarewa. Namu da magariba yana nuna cikakke, da asuba kuma yana ƙasa da 12. Wani abu yana cinye shi da dare. Da muka zauna gadi sai muka ga ɓarayin: karnuka da ke kewaya shinge, kyanwa, da wani buhu da aka rataya don inuwa, wanda iska ke kaɗawa a gaban bangon da ya wuni yana shan rana. An saita idon ya hango nesa sosai, an kuma kafa shi yana duban waje, don haka duk abin da ya gifta a bayan shinge sai famfo ya tashi. Aka rage masa nisan gani, domin irin waɗannan na'urori suna da ɗan maballin da ake murɗawa tsakanin wajen mita 3 zuwa 7, aka lanƙwasa shi ya dubi ƙasa, aka cire buhun.

Shi kansa batirin an ajiye shi cikin akwatin ƙarfe a fili, rana na dukansa. Masu ƙera irinsa sun daɗe da bayyana cewa duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage masa rabin kwanansa. Muka haƙa masa ɗan rami mai rufi a inuwa. Farantin kuwa ƙura ta rufe shi har ana iya rubutu da yatsa a kai. Wanda ya taɓa ganin habub, wato bangon ƙurar da ke tasowa ya rufe Khartum tsakanin Mayu da Yuli har rana ta koma dare, ya san cewa shafe faranti a nan aikin kullum ne kamar sharar tsakar gida.

Wayar ma ta ba da nata kason. Siririya ce, doguwa, irin ta fitilar ɗaki. Wutar bolt 12 ba ta da rarar da za ta zubar a hanya, kuma famfo a lokacin tashinsa yakan fizgi wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita. Wannan fizgar kan sa wutar ta faɗi na ɗan ƙiftawa, idon ya ɗauke kamar an kashe shi, in ya farfaɗo kuma sai ya yi daƙiƙa 30 zuwa 60 yana wartsakewa kafin ya sake gani daidai. Abin da ke sa famfo ya yi tari ya tsaya ke nan. Aka sa waya mai kauri, aka ba idon layinsa daban daga batir, aka kankare tsatsar da ke mahaɗai, aka cusa wayar cikin bututun roba saboda awaki da ɓeraye. Da aka buɗe murfin idon ma an sami yanar gizo-gizo da gari-garin ƙasa a ciki.

Akwai kuma wani ƙaramin kuskure da yaron ne ya gano shi. Idon motsi yake gani, ba tsayuwa ba. Tumaki in sun dulmiya baki cikin kwami ba sa motsi sosai, sai lokacin da aka saita ya cika, famfo ya tsaya alhali rabin garken bai sha ba. Aka ƙara lokacin zuwa iyakarsa. Ya kuma lura cewa dabbar da ta gifta ta gefe an fi ganinta a kan wadda ta doso idon kai tsaye, don haka aka mayar da sandar gefen hanyar shigowa.

Bayan duk wannan muka ce an gama. Daren ya yi shiru, batir yana kwana da ƙarfinsa. Washegari da azahar yaron ya ratsa ta gaban idon, famfo ko gezau.

Abin da ba ya gyaruwa

A nan sai da ƴar tamu ta zaunar da mu ta yi mana karatu. Wannan ido, in ji ta, ba siffa yake gani ba kamar kyamara, ba kuma sauti yake ji ba. Kowane jiki yana fitar da wani haske na ɗumi wanda idon mutum ba ya gani, kuma gwargwadon zafin jikin gwargwadon ƙarfin hasken. A cikin na'urar akwai ƴan ƙwayoyi biyu masu jin wannan haske, an jera su gefe da gefe. Farin murfin roba mai gida-gida da ke gabansu madubi ne mai tattara haske, irin dabarar da Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya ƙago don fitilun jagorar jiragen ruwa a shekarun 1820. Shi ke yanka filin da ke gaba zuwa layi-layi. In abu ya ratsa daga wannan layi zuwa wancan, ƙwaya ɗaya kan ji ɗumi kafin ɗayar, wannan saɓanin ne ke tayar da famfo. Ashe abin da idon ke nema shi ne bambanci tsakanin zafin dabba da zafin abin da ke bayanta. In bambancin ya yi kaɗan, dabba na tsaye a gabansa amma shi a wurinsa fili ne fayau.

Sai mu dubi inda aka ƙirƙiro wannan mashaya. A lardunan Alberta da Saskatchewan da Manitoba na Kanada sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Matsalar makiyayi a can ita ce ruwa ya daskare a kwami, shi ya sa ake so ya hau sama lokacin sha kawai, ya koma ƙarƙashin ƙasa inda ƙanƙara ba ta kai. Saniya mai zafin jiki wajen digiri 38 da rabi, tana tafe a kan dusar ƙanƙara, a wurin wannan ido tamkar fitila ce cikin duhu. Mu kuwa a watan Mayu matsakaicin zafin rana a Khartum yana wajen digiri 41 zuwa 42 a inuwa, yashi da bango da kwano kuma sun fi haka nesa. Tunkiya mai digiri 39 tana tafe, ulunta ya sha rana, ƙasar da ke bayanta ta sha rana, komai ya zo kusan daidai. A cikin hunturunmu, da dare ke sauka zuwa wajen digiri 15, abin ya yi aiki sumul. Da safe lokacin da mai gyara ya zo, ya yi aiki. Ya makance ne daidai sa'o'in da ƙishirwa ta fi tsanani.

Wani dattijonmu ya ce shi bai yarda ba sai ya gani. Aka aiki yaron ya sayo dunƙulen ƙanƙara, ya ɗauke shi a tire ya ratsa ta gaban idon da tsakar rana, daga nisan da ɗazu ba a gan shi ba. Famfo ya tashi. Aka ajiye ƙanƙarar ya sake ratsawa, shiru. Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya kira yaron da sunansa ya nemi gafararsa a gaban kowa, sauranmu muka bi baya.

Masu raƙuma ma kada su ce abin bai shafe su ba. Tun shekarun 1950 masanin nan Knut Schmidt-Nielsen ya auna a hamadar Aljeriya cewa raƙumi mai ƙishirwa yana barin zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, ya haura 40 da rana, don ya tanadi ruwan da zai fita a gumi. Dabbar da Allah ya halitta tana bin zafin muhallinta haka, ita ma tana iya yin wuyar gani ga na'ura mai neman bambanci.

An ba mu shawarar wasu idanun. Akwai mai aiki da rada, wanda zafi ba ya dame shi, amma yana gani ta cikin siririn bango kuma ko kwano ya girgiza sai ya amsa. Akwai mai jefa zaren haske daga sanda zuwa sanda, wanda in dabba ta katse shi famfo ya tashi, amma habub ɗaya ya isa ya rufe masa fuska. Muna cikin wannan muhawara sai uwargidan ɗayanmu, wadda ba ta taɓa zuwa zaribar ba, ta tambaya: shin ruwa yana daskarewa ne a Umbadda? Aka ce a'a. Ta ce to me ya hana a bar shi a kwamin?

Gaskiya ce da muka tsallake tun ranar farko. Mun sayo maganin ciwon da ba mu da shi. Har ma mun jawo wa kanmu wani, domin ruwan da ke zurarewa daga kwami ya koma rami yana tafiya da yawu da kashin dabbobi da guntun dusa, ramin da a da yaron ke ɗiban na shayinsa daga ciki ya fara wari.

Abin da muka yi a ƙarshe ba shi da ban mamaki ko kaɗan. Muka ɗora tanki a kan ginin bulo mai tsayin mutum da rabi, muka yi masa rumfa. Famfon yana aiki da rana kawai, yana ɗaga ruwa daga rami zuwa tanki, in tankin ya cika wani makunni mai yawo a kan ruwa ya kashe shi. Daga tanki ruwa na gangarowa da nauyin kansa zuwa kwami, inda muka sa bawul mai ƙwallo irin na tankin ban-ɗaki, wanda Larabawan nan ke kira awwama. Dabba ta sha, ruwa ya ragu, ƙwallon ya sauka, bawul ya buɗe. Babu wuta a wannan sashen ko kaɗan. Muka rufe ƙwallon da kejin ƙarfe don kada sa ya taka shi, muka rage faɗin kwamin muka yi masa inuwa, ta yadda ruwan ba ya daɗewa har ya yi zafi ko sauro ya yi ƙwai a ciki, ana kuma wanke shi duk kwana biyu. Bawul ma yana lalacewa, yashi kan shiga bakinsa ya hana shi rufewa, amma lalacewarsa a fili take, kuma ɗan shekara 12 na iya kwance shi ya wanke.

Girman tanki shi ne inda bai kamata a yi rowa ba. A zafin bazara tunkiya kan sha lita 5 zuwa 8 a rana, saniya lita 40 ko fiye, mai shayarwa ta fi haka. Mai tumaki 60 da shanu 10, alal misali, ya lissafa wa kansa wajen lita 1,000 a yini, wato ganga 5 irin mai lita 200. Muna ganin ya kamata tankin ya ɗauki na kwana 3, domin ƙura kan iya rufe rana, famfo kan iya ƙonewa ranar da kasuwa ba ta ci. Dabbar da ke sake a daji in ta ji ƙishi za ta nemi ruwa da ƙafarta. Wadda muka tsare cikin shinge ba ta da wannan dama, kuma kowane ɗan islamiyya ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Saboda haka muka sa doka a tsakaninmu: kome kyan na'ura, sai mutum ya duba kwamin da idonsa sau biyu a yini, ɗaya daga ciki da azahar.

Idon kuwa ba mu jefar da shi ba. Muka jona shi da fitila a bakin shinge. Da dare, in ƙasa ta huce, babu kare ko ɓarawon da ke wucewa bai haska shi ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma Umbadda na cikin wuraren da suka fi shan wuya. Hanyoyin da dabbobi ke biyowa daga yamma suka toshe, muka sayar da abin da za mu iya sayarwa da arha, muka watse, wasu zuwa Karari, wasu Gadarif, wasu Masar. Sai a ƙarshen Maris 2025 sojoji suka karɓe Kasuwar Libiya, ranar 20 ga Mayu kuma suka sanar da cewa jihar Khartum gaba ɗaya ta dawo hannunsu. A cikin watan na Mayu ne aka kai hari da jirage marasa matuƙi kan tashoshin lantarki na Umdurman, wuta ta ɗauke, injinan tace ruwa suka tsaya, kwalara ta bazu ta kashe mutane da dama. Tun daga lokacin duk wanda ya sami hali faranti yake nema, don gida, don rijiyar unguwa, don zariba. Ƴan'uwa kan zo mana da kwalin kaya suna tambaya ko wannan ya dace, mu kan ce su fara tambayar mai sayarwa a wace ƙasa aka yi abin, kuma don wace matsala, sannan su gwada shi da tsakar rana kafin su biya.

Da muka koma duba zaribar mun tarar babu faranti, babu batir, babu famfo, wayoyin ma an tone su daga ƙasa. Tankin yana nan da huda biyu a ciki. Bawul ɗin da ƙwallonsa suna cikin kejinsu, ba wanda ya ga darajar ɗaukarsu. Yaron, wanda yanzu magidanci ne da ɗa ɗaya, shi ya toshe hudojin. Muka kira mai karo ya juye ganga biyu a tanki, ruwa ya gangaro, ƙwallon ya taso ya rufe. Da tumaki tara muka sake farawa, kuɗin faranti kuwa gidajen huɗu suna kan tarawa.